Karena ya tsufa, tashi ma sai da ƙyar

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da kare ɗan shekara 11, nauyinsa kilo 34. Watanni ke nan idan ya kwana sai ya daɗe yana yunƙuri kafin ya miƙe, ƙafafun baya su sandare, sai ya ɗan taka sannan su sake. Ya daina hawa matakala, har ya yi mini gurnani da na taɓa ƙugunsa. Wani abokina ya ce in ba shi rabin ibuprofen, wani kuma ya ce glucosamine ya wadatar. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, rabu da ibuprofen ɗin nan tun kafin ka ɓare shi. Shi da naproxen da diclofenac na mutane ne. A cikin kare suna jawo gyambon ciki mai zubar da jini, su kuma lalata ƙoda, ko da kaɗan aka bayar. Paracetamol ma ba a ba kare sai likita ya auna, kyanwa kuwa kashe ta yake yi.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da amosanin gaɓɓai. Guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi ne ke zaizayewa, gaɓar ta kumbura, motsi ya koma azaba. Ba ya warkewa, amma ana iya danne zafin har kare ya koma harkokinsa. Duk da haka ka kai shi a duba, domin ciwon laka da tsinkewar jijiyar gwiwa su ma suna zuwa da irin wannan ɗingishi.

Akwai magungunan kumburi da aka yi don karnuka: carprofen, meloxicam, firocoxib, sai grapiprant da ya zo daga baya. Ni ba na rubuta wa kare mai shekarun naka ko ɗaya sai na ga gwajin jini na ƙoda da hanta, kuma a riƙa maimaitawa muddin yana kan maganin. Ban da grapiprant, a ba shi tare da abinci. Ranar da ka ga amai, ko kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya ƙi cin abinci, ka tsayar da maganin ka nemi likita a ranar. Kada kuma a haɗa biyu daga cikinsu, ko a haɗa ɗaya da prednisolone ko dexamethasone. Wannan haɗin na iya huda hanji, kuma yawanci mai karen ne bai faɗa wa likita abin da ya riga ya bayar a gida ba.

Idan ƙodar ba ta da ƙarfi, akwai allurar bedinvetmab, wadda ake sayarwa da sunan Librela, sau ɗaya a wata. Tarayyar Turai ta amince da ita a 2020, Amurka a 2023. Tana toshe wani sinadari da ke kai saƙon zafi ne. Wasu karnukan kan sami sauƙi ƙwarai, amma an samu rahotannin tangaɗi da raunin ƙafa a wasu, don haka ku tattauna da likitanka. Gabapentin kuma, maganin zafin jijiya, ɗan rakiya ne, ba ya riƙe ciwon shi kaɗai.

Batun glucosamine, ƙarin abincin da ake sayarwa don gaɓɓai, abokinka na biyu bai cuce ka ba, amma ya yi masa yabon da ya wuce ƙarfinsa. Da wuya ya yi illa, sai dai hujjar amfaninsa ba ta da ƙwari. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi man kifi mai omega-3, wanda aka rubuta EPA da DHA a jikin kwalbar, kuma ka yi haƙurin makonni kafin ka ga canji. Ban da man hantar kifi, bitamin A da D sun yi yawa a ciki. Ka karanta kwalba: in ka ga xylitol, wani sinadarin zaƙi, guba ne ga kare.

Yanzu shafa gefen ƙirjinsa. In sai ka danna kafin ka ji haƙarƙari, ya yi ƙiba, kuma a nan aikin yake. A wani bincike da aka wallafa a 2002 kan karnuka 48 jinsin Labrador, waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara biyu, ciwon gaɓɓai kuma ya yi jinkirin kama su. Na san tsohon kare ya iya kallon tausayi in ana cin abinci, amma auna masa za ka yi.

Kada ka bar shi kwance wuni guda, naman cinyarsa zai zube. Gajeriyar tafiya sau biyu ko uku a rana ta fi doguwa ɗaya a mako, kuma ban da tsalle. Shimfiɗa masa abu mai kauri wurin kwana, ka sa darduma inda daɓe ke da santsi, ka yanke masa farata. Ka ɗauki bidiyon yadda yake tashi da safe yanzu, ka sake ɗauka bayan mako huɗu da fara magani, ka tafi wa likita da su biyun.