Ƙanwata mai neman Chevening, ki daina ɓuya a bayan "mun yi"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin gama Jami'ar Tarayya ta Gusau, kina aiki a wani asibitin sha-ka-tafi, kuma kina son tallafin Chevening don digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Birtaniya, amma da kin zauna rubuta bayanin kanki sai kanki ya kulle, don a ganinki ba ki yi abin a zo a gani ba. Na san wannan halin. Sau biyu na nema, a na biyu Allah ya nufa.

Takardata ta farko kowa ma zai iya sa mata hannu: tun ina yarinya nake son taimakon jama'a, ina da kishin ƙasa, ina da juriya. Ko ganawa ba a kira ni ba. Wata malamata ta karanta ta ce, "To ke ina kike a cikin takardar nan?"

Kunya ce ke cutar mu. An raine mu a kan yabon kai jahilci, shi ya sa muke ta "mun yi", "an yi". Amma mai karantawa bai san ki ba, bai san gidanku ba, abin da ke kan takarda kaɗai yake gani. Faɗin aikin da kika yi da hannunki ba alfahari ba ne, shaida ce.

A karo na biyu labari ɗaya na riƙe. Na yi aiki a yankin Anka, inda gubar dalma ta ɓulla a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, saboda niƙa dutsen zinare da ake yi a cikin gidaje. Jimla biyu na ba wannan tarihin. Sauran duk a kan abin da na yi ne: iyaye mata sukan daina kawo yara gwajin jini da zarar yaro ya miƙe yana wasa, alhali gubar na nan a jikinsa. Sai na nemi ungozomomi da malamar Islamiyyar matan aure, muka riƙa yi musu bayani bayan an tashi karatu. Na rubuta waɗanda suka ƙi, da yadda na shawo kan mazajensu ta hannun mai unguwa, da yawan yaran da suka dawo bisa rijistarmu. Wannan shi ne shugabancin da suke tambaya.

Don Allah kada ki mai da ita takardar roƙo. Matsalar tsaro gaskiya ce, amma ki ambace ta kawai inda ta shafi aikinki.

Tambayoyinsu huɗu ne: shugabanci, hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwas, da shirinki bayan dawowa, don sharaɗi ne ki dawo gida na aƙalla shekara biyu. Ki lissafa awannin aikinki tukuna, 2,800 ake buƙata. Kuma kar ki biya kowa ya rubuta miki, domin a wajen ganawa a kan abin da ke ciki za a titsiye ki.

Ni da Hausa na fara, na naɗi muryata a waya kamar ina ba ƙawata labari, sannan na mayar Turanci. Ki gwada haka, in kin gama ki turo min, zan duba bayan isha'i in sha Allah.