Tambaya da Amsa: Linka ya ƙi haɗa min manhajar Raspberry Pi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina harhaɗa wata tsohuwar manhajar C a laftof ɗina don ta yi aiki a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, Buildroot nake amfani da shi, wato kayan aikin gina Linux don ƙananan na'urori. Da komai lafiya lau, ina sabunta GCC ɗin (manhajar da ke fassara C zuwa harshen na'ura) sai linka (mai haɗa fayilolin da aka fassara su zama manhaja ɗaya) ya fara tsayawa yana cewa "multiple definition", kwana uku kenan abin ya hana ni sakat. Wani abokina ya ce in yi wa GCC ɗin faci, wato ɗan fayil na gyaran lambobinsa. Ya zan yi? Ɗalibi daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka taɓa GCC tukuna, lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ke bukatar facin. Tun daga GCC 10 da ya fito a 2020 suka mayar da -fno-common ya zama zaɓin da ke aiki kai tsaye in ba ka canza shi ba. A da in ka rubuta int kirga; a cikin fayil ɗin .h kuma fayiloli biyu suka ɗauke shi, linka sai ya haɗe su wuri ɗaya bai ce uffan ba, yanzu kuwa kowane .o, wato fayil ɗin da aka fassara, da nasa kirgan yake zuwa, su yi karo, shi ne ihun da kake gani.

Buɗe .h ɗin ka sa extern kafin int kirga. Sannan ka zaɓi fayil ɗin .c guda ɗaya tak ka ajiye na ainihin a ciki. In kana sauri ƙara -fcommon a CFLAGS (jerin zaɓuɓɓukan da ake miƙa wa GCC) zai wuce da kai yau, amma ni ban so, rufe ciwo ne kawai yana ci ta ciki.

Gyaran kuma kar ka bar shi a output/build, ranar da ka yi make clean ya tafi kenan, na sha ganin ɗalibai sun yi asarar aikin sati a nan kuma abin na ba ni tausayi. Fitar da shi da git format-patch, sunan ya fara da 0001, ka jefa shi cikin foldar fakitin, Buildroot da kansa zai liƙa shi bayan ya warware manhajar. Sai ka yi dirclean na wannan fakitin don ya share foldar gininsa ya sake warware shi, in ba haka ba ba zai ga facin ba.

In ka wuce nan sai linka ya ce bai ga __atomic_fetch_add_8 ba, ARM mai bit 32 ya kan yi haka, sa -latomic a can ƙarshen layi, don linka daga hagu zuwa dama yake karantawa.