Zauren Jinya: Tsofaffi, Tari da Sarƙewar Numfashi

Hunturu ya kankama, kuma yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan wata a kan ƙirji suke. Ma'aikatan jinya da ke aiki a ɗakin masu ciwon huhu da na tsofaffi ne suka amsa.

Mahaifina yana da shekara 78, ɓarin jikinsa ya shanye wata takwas da suka wuce. Duk sanda muka ba shi ruwa sai ya ƙware, kuma sau biyu ke nan ana kwantar da shi saboda namoniya, wato ciwon huhu. Me muke yi ba daidai ba? — Wata mai karatu daga Gusau

Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ƙwarewar ce ke haifar da namoniyar. A maƙogwaro akwai hanya biyu manne da juna, ta iska a gaba, ta abinci a baya. Duk sanda mutum ya haɗiye, wani ɗan murfi kan rufe ta iskar. Shanyewar ɓarin jiki tana rage wa murfin nan da tsokokin wurin hanzari, sai ruwa ya riga su, ya zurare cikin huhu ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke baki. Tsinkakken ruwa ya fi komai gudu, shi ya sa ya fi ƙwarewa da shi fiye da tuwo.

Kada a ba shi komai yana kwance ko yana gyangyaɗi. A zaunar da shi tsaf, baya a miƙe, a tokare ɓarin da ya shanye da matashi. Ki zauna daidai tsayinsa ko ƙasa kaɗan. Idan kika tsaya a kansa zai ɗaga kai ya dube ki, ɗaga kan kuwa shi ke buɗe hanyar iska. So ake haɓarsa ta ɗan sunkuya wajen ƙirji. Ki yi amfani da ƙaramin cokalin shayi, ki sa ta ɓangaren bakin da ke da lafiya, ki jira ki ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka kafin ki ƙara. Bayan 'yan cokula ki sa shi ya ce "aa". In kika ji muryar ta jiƙe, kamar mai magana da ruwa a wuya, dakata, bar shi ya yi tari. Ɗura ruwa da butar shayi ko sirinji, wannan a daina shi daga yau.

Abin da ya fi sauƙin haɗiya shi ne mai laushi wanda ke haɗe da jikinsa: kunu mai kaurin da zai manne a bayan cokali, fate, tuwo mai laushi da aka murje cikin miya, ayaba da aka dama. A guji mai warwatsewa a baki kamar dambu, gyaɗa, garin kwaki da busasshiyar shinkafa. Fura mai gudaji cikin tsinkakken nono ma tana da haɗari, domin ruwan kan wuce ya bar gudajin. A dama ta ta yi sumul. Sai dai ki lura, wanda aka mayar kan abu mai kauri yakan rage sha. In fitsarinsa ya yi ja ya ragu, ruwa bai ishe shi ba.

Bayan ya gama, ya ci gaba da zama aƙalla minti 30. Ki duba kuncin ɓarin da ya shanye, nan abinci ke maƙalewa ba tare da ya sani ba. Sannan a goge masa haƙora, dasashi da harshe da buroshi mai laushi safe da dare. Mutane na raina wannan, alhali yawu ma yana zurarewa cikin dare, kuma yawun baki mai tsabta bai kai na mai dauɗa illa ba. In duk da haka yana ramewa, ko cin abinci ɗaya yana cinye fiye da rabin awa, ku nemi a duba haɗiyarsa a asibiti. Idan aka ba ku shawarar robar abinci ta hanci, ba alamar an yanke ƙauna ba ce, kare huhunsa ake yi.

Kakarmu ta kwana uku ba ta cin abinci, tana ta sambatu, amma jikinta ba zafi. Muka ɗauka rikicin tsufa ne. Da muka kai ta asibiti aka ce namoniya ce har ta yi nisa. Yaya ake ganewa da wuri? — Wani ɗan'uwa daga Maraɗi

Sannu da ɗawainiya, Malam. Ba ku kaɗai wannan ke ruɗawa ba. Jikin tsoho sau da yawa ba ya iya tayar da zazzaɓi, tarinsa ma ba ƙarfi. Abin da ake gani shi ne ruɗewa ta farat ɗaya, yawan barci, ƙin abinci, faɗuwa, ko sakin fitsari ga wadda ba ta saba ba. Rikicin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Wanda ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu ciwo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Awon da ya fi amfani a gida ba ya buƙatar ko sisi: ƙirga numfashi. Tana hutawa, ka riƙe hannunta kamar mai jin bugun jini don kada ta sauya numfashin, ka ƙirga ɗagawar ƙirjinta cikakken minti ɗaya da agogon waya. Babban mutum yana yin 12 zuwa 20. In ya wuce 24 a ga ma'aikacin lafiya a ranar. In ya kai 30, ko ba ta iya ƙarasa jimla ba tare da ta tsaya ta ja iska ba, ko leɓe da harshe sun yi duhu, a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne.

Gidan da ke da tsoho mai ciwon ƙirji ya dace ya mallaki 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin. Daga 95 zuwa sama lafiya lau. 93 ko 94 a sake aunawa a kuma tuntuɓi asibiti. 92 zuwa ƙasa a tafi. A ɗumama hannun tukuna, domin yatsa mai sanyi yana ba da lambar ƙarya, haka ma jan farce da lalle mai duhu. A jira kamar minti ɗaya lambar ta tsaya. Wani abu kuma da ya shafe mu: a kan baƙar fata na'urar takan nuna sama da gaskiya da 'yan maki. Saboda haka in ta ce 95 amma Hajiya tana haki, idonka za ka bi.

Tarin da ya wuce mako biyu kuma, musamman da rama da gumin dare, a kai kaki a gwada tarin fuka. Gwajin da maganin na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.

Mahaifiyata mai shekara 66 tana da asma. An rubuta mata inhela guda biyu amma ta ce ba sa yi mata komai, kuma maƙwabta sun tsorata ta cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita. — Wata mai karatu daga Zariya

Ki kwantar wa Mama hankali: inhela ba ta zama wa mutum jaraba. Ciwon ne mai daɗewa, shi ya sa ake daɗewa ana amfani da ita. Maganin da ke ciki ɗan mitsitsi ne kuma kai tsaye yake zuwa huhu, ya fi ƙwayoyin da ake haɗiya sauƙi ga jiki nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne sayen firednisolon ko dekza a kemis ana sha wata da watanni: suna tayar da suga da hawan jini, suna rarake ƙashi.

Inhela biyun aikinsu daban. Shuɗiyar, salbutamol, tana buɗe hanyoyin iska cikin mintuna, ta lokacin sarƙewa ce. Ɗayar, wadda galibi ruwan ƙasa ce, tana kwantar da kumburin ciki, kuma sai an yi mako ɗaya zuwa biyu ana shaƙa kullum kafin a ga amfaninta. Da yawa suna gwada ta lokacin tashin ciwo, su ji shiru, su jefar. A shaƙe ta safe da yamma ko ana lafiya, a kuskure baki a tofar bayan kowace shaƙa don kada farin ƙurji ya fito a harshe.

Yawancin "ba ta aiki" daga hannu ne. Dole matsawa da jan numfashi su zo tare, tsoho kuwa yatsu sun yi tauri, sai maganin ya ƙare a harshe. Maganin wannan shi ne mazubin da ake sawa tsakanin inhela da baki. Ana sayar da shi a manyan kantunan magani, in kuma bai samu ba, gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita tana yi. A huda gindinta daidai girman bakin inhelar, a cusa shi ya zauna daram, a liƙe gefen. A girgiza inhelar, Mama ta fitar da numfashi, ta kama bakin gorar da leɓe, ki matsa sau ɗaya tak, ta ja ta saki a hankali sau biyar. A jira rabin minti, a sake girgizawa, sannan na biyu. Matsa biyu ko uku a jere ɓarnar magani ce, manne wa jikin gorar yake yi. A wanke gorar da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta da tsumma.

Idan ciwon ya tashi, ta zauna ta ɗan duƙa gaba, a ba ta shuɗiyar matsi ɗaya kowane rabin minti zuwa minti ɗaya, har goma. In ba sauƙi, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da ba ta. Buƙatar shuɗiyar fiye da sau biyu a mako alama ce asmar ba ta kwanta ba. Kuma a shekarunta a lura da wannan: in ƙafafu suna kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, tana farkawa cikin dare tana neman iska, a duba zuciya. Ba kowane haki ne asma ba.

Tsohonmu yana jin sanyi ƙwarai. Ko za mu iya kwana da kaskon garwashi a ɗakinsa in mun rufe tagogi saboda ƙura? — Daga Azare

A'a, don Allah. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai barci mai nauyi, wasu daga nan ba sa farkawa. Na'urar yatsa ma ba ta gane ta, lamba mai kyau za ta nuna. Janareta a soro ko gindin taga haka yake. A ɗumama shi da riguna biyu ko uku, hula, safa da bargo, a rufe hanci da ƙyalle in zai fita. A yayyafa ruwa kafin shara, a yi sharar ba ya ɗakin. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa ma a fitar da su, a ɗaura gidan sauro.

An sallami yayana da injin oksijin na gida saboda huhunsa ya lalace da taba. An ce a bar shi a kan lita biyu. In ya yi haki mukan ƙara zuwa biyar. Akwai laifi? — Wani mai karatu daga Kumasi

Akwai, Alhaji, kuma babba. A ciwon toshewar huhu na dindindin, wanda likitoci ke kira COPD, matsalar ba shigar iska kaɗai ba ce, har da fitar gurɓatacciyar. Oksijin mai yawa kan sa gurɓatacciyar ta taru a jini. Za ku ga ya yi shiru ya daina haki ku ɗauka sauƙi ne, alhali suma ce ke tafe. Alamunta ciwon kai da safe, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ruɗewa da karkarwar hannu. Ga irinsa ana neman na'urar yatsa ta nuna 88 zuwa 92, ba 98 ba. In ya sauka ƙasa da 88 a kan lita biyun, ciwo ne ya tashi, asibiti za a je.

Hakin da ke zuwa bayan ya je banɗaki ko ya yi alwala, ga abin yi. Ya zauna bakin gado, ya duƙa gaba, ya ɗora gwiwar hannu a cinya. Ya ja iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta baki da leɓe a tsuke kamar mai hura kunu yana ƙirga huɗu. Tsuke leɓen yana hana ƙananan hanyoyin huhu ruftawa kafin iskar ta gama fita. A kunna ƙaramar fanka ko a yi masa fifita daidai fuska, yana rage jin sarƙewar sosai.

Injin kuma a janye shi daga bango da labule don ya samu iska. Soson tace ƙura da ke bayansa a wanke shi duk mako, a hunturu ma fiye da haka, ya bushe sarai kafin a mayar. Ba taba, ba risho, ba turare, ba kyandir a ɗakin, domin oksijin yana sa wuta ta ci kamar an zuba fetur. Kada a shafa basilin a hanci in ya bushe, a nemi man da aka yi da ruwa a kantin magani. A riƙa duba bayan kunne inda robar ke gogawa, a naɗa 'yar auduga a wurin. Injin da wutar lantarki yake aiki, saboda haka a ajiye cikakkiyar silindar oksijin a gefe, kowa a gidan ya koyi buɗe ta, a kuma gwada tun da rana ana da wuta.