Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan tallafin kuɗin ruwan mogej

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi tunda na karanta tambayarki jikina ya yi sanyi, don halin da kike ciki na san shi ciki da waje. Kin ce aikin maigida ya tsaya, kun shiga Universal Credit, tallafin gwamnatin Birtaniya ga marasa aiki da masu ƙaramin samu, wata ta ce miki gwamnati na biya wa mutane mogej, wato bashin sayen gida, kina son ki san gaskiya ne ko a'a, kuma kyauta ne ko za su dawo su ƙwace gidan. To akwai shi, SMI ake ce masa, wato tallafin biyan ruwan mogej, DWP, ma'aikatar ayyuka da fansho, ce ke bayarwa, amma ba kyauta ba ne, bashi ne. Da can kyauta ne, tun Afrilun 2018 suka mayar da shi rance kuma gidan naku shi ne jingina. Mutanenmu da suka daɗe a ƙasar nan har yau da tsohon labari suke ba mutum shawara, shi ya sa za ki ji ana cewa ai gwamnati za ta ɗauke muku, ki kwantar da hankali. Ba ta ɗaukewa, ragewa take yi, ragin ma ba mai yawa ba.

Mu namu a farkon 2023 ne, maigida ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma daidai lokacin yarjejeniyarmu ta tsayayyen ruwa da banki ta ƙare. Kin tuna yadda aka yi ai, ruwan Babban Bankin Ingila da yake 0.1 a ƙarshen 2021 suka yi ta ɗagawa har ya kai 5.25 a Agustan 2023, mu da muke biyan fam 780 a wata sai ga shi ya haura 1,200, ga mai nema a kwance, ni ina aikin kula da tsofaffi da dare in fito in wuce asibiti. A lokacin da na fara tambayar SMI ɗin nan dokar ita ce sai kin yi wata 9 a kan Universal Credit kuma ba ki samu ko fam ɗaya na albashi ba. Wato ni in ajiye aiki mu zauna da yunwa wata tara kenan. Allah ya taimaka a Afrilun 2023 suka canza, ya koma wata 3 kuma ko kina ɗan aiki za ki iya samu, to ke a wannan dokar kika zo, ki gode wa Allah ta nan.

Ranar da ba zan manta ba ina zaune a barandar asibiti a kan kujerar roba, maigida ya samu barci kenan, wani daga kamfanin da ke riƙe da mogej ɗinmu ya kira. Ya ce in lissafa masa duk abin da muke kashewa, na lissafa, abinci, gas, wuta, man mota, da na zo kan ɗan abin da nake tura wa Hajiyarmu a Zariya sai ya ce wannan ai ba dole ba ne, in daina. Uwata fa, mai hawan jini, kuɗin maganinta ne. Na ce masa mijina yana kwance ko cokali ba ya iya riƙewa, ya ce ya ji kuma yana jajanta min amma shi tambayarsa yaushe za a biya. Haka ya maimaita da murya ɗaya kamar mai karanta takarda. Na kashe wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji kukana, wata nas 'yar Ghana ce ta ƙwanƙwasa ta miƙo min shayi ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata. Bayan nan wasiƙu suka fara zuwa, har wacce aka ambaci kotu a ciki, na ɓoye ta ƙarƙashin katifa don kada babbar 'yata ta gani tana shirin jarrabawar GCSE.

Amma wallahi shi wancan aikinsa yake yi, wanda ya fi ƙona min rai ɗan uwa ne na jini. Yayan maigida, uwa ɗaya uba ɗaya, akwai kuɗin da ya karɓa a hannun ƙaninsa tun yana lafiya wai za a shigo da kaya a raba riba, da abin nan ya faru na kira shi da ladabi na ce Yaya ko rabi ne a taimaka mana za a fitar da mu daga gida, ya ce in sha Allahu zuwa ƙarshen wata. Daga ranar ya daina ɗaukar wayata. Bai tsaya nan ba, sai ya bi dangi yana cewa wai ni ce nake neman sayar da gidan ƙaninsa tun yana da rai, wai wa ya taɓa jin mutumin Ingila ya rasa kuɗin gida. Har surukata ya sa ta kira ni tana kuka tana cewa in ji tsoron Allah. Ni da nake wa ɗanta wanka, nake ba shi abinci a baki, nake goge masa yawu. Har yau bai ce a yi haƙuri ba, kuɗin ma ko sisi, da Sallah sai ya turo hoton rago a gurup ɗin gida yana gaisuwa kamar ba a yi komai ba. Na bar shi da Allah, amma in na ce ya wuce a zuciyata na yi ƙarya. Don haka ke ma kada ki ɗora lissafinki a kan alkawarin kowa, ko wane ne.

Kuɗin kansa ga yadda yake. Ruwa kawai suke taimakawa da shi, ba sa taɓa uwar kuɗin, ba sa biyan wanda kuka riga kuka makara, ba sa biyan inshora. Kuma ba da ruwan bankinki suke lissafi ba, suna da nasu ma'auni ɗaya na kowa da kowa. Lokacin da namu ya fara 2.65 ne cikin ɗari, saura fam 160,000 a kanmu, sai ya kama kusan 350 a wata, a Disambar 2023 ya koma 3.16 ya ɗan ƙaru. Ki duba 350 a cikin 1,200, sauran ke za ki nemo. Ma'aunin yana canzawa, ki duba na yanzu a shafin gwamnati gov.uk ki buga da abin da ya rage muku. Iyakarsu fam 200,000 na bashin, masu Pension Credit, tallafin tsofaffi masu ƙaramin samu, 100,000 amma su babu jira. Kuma ba hannunki zai shigo ba, kai tsaye banki ake turawa.

Dan Allah ki kira bankinku tun yau, tun kafin ku tsallake biya ko ɗaya. Akwai yarjejeniyar da gwamnati ta yi da manyan bankuna a Yunin 2023, Mortgage Charter, in ba ku makara ba za su iya mayar da ku biyan ruwa zalla na wata 6 ko su tsawaita shekarun ba tare da dogon bincike ba, kuma sun yarda ba za su fitar da mutum daga gida ba sai an yi wata 12 daga biyan farko da ya tsallake. Mu mun riga mun nutse kafin a fito da ita, sai wata baiwar Allah a Citizens Advice, ƙungiyar ba da shawara kyauta, ce ta zauna da ni muka rubuta kuɗin shiga da fita, ta nuna min yadda zan yi magana da su har suka yarda da tsari. StepChange masu ba da shawara kan bashi da Shelter masu ba da shawara kan gidaje ma kyauta ne. In ma ta kai ga kotu ki je, kada kunya ta hana ki, akwai lauya na kyauta a ranar, kuma alƙali na iya dakatar da ƙwacewar in kin nuna abin da za ki iya biya. Kuma kada wani ya ce ki miƙa makulli ki huta, bashin zai biyo ki.

Maganar riba kuwa ita ta hana ni barci fiye da komai, don shi rancen SMI ɗin ma akwai ruwa a kansa, sau biyu a shekara suke duba shi. Ko masu gidan da suka saya ta bankin Musulunci suna iya nema, amma rancen dai da ruwansa. Ni na kai wa malaminmu na zayyana masa komai, yara uku da majinyaci da hunturu, na bi abin da ya ce min, ke ma ki kai wa wanda kika yarda da iliminsa, kada ki ɗauki fatawa a gurup. Su DWP ba sa bin ki kowane wata, sai an sayar da gidan ko an canza suna ko bayan rai, banki ya fara ɗaukar nasa, su ɗauki nasu a abin da ya rage, in bai kai ba su yafe sauran. Kina iya ragewa da kanki daga fam 100 sama, ni haka nake yi duk sanda na samu ƙarin awanni, don ba na son yaran su gaji wannan. Ku biyun za ku sa hannu a takardar rancen, ku karanta tare.

Wani abu kuma, duk mai fili ko gida a Najeriya ko Nijar ya sani ana lissafa shi cikin dukiya a Universal Credit, kuma in dukiya ta haura fam 16,000 babu, ku faɗi gaskiya tun farko kada a zo ana ce ku dawo da kuɗi. Masu karanta wannan da bizarsu ta hana cin tallafin gwamnati kuma dan Allah kada ku nema, zai iya ɓata muku takardun zama. Ki nemi ragin harajin kansul ma, wannan daban ake nemansa a kansul ɗinku, wato ƙaramar hukumarku, mutane da yawa ba su sani ba.

Ki riƙa leƙa jonal ɗinki na Universal Credit, wato shafin saƙonninki da su a intanet, in wata ukun sun cika ba su yi miki maganar SMI ba ke ki rubuta musu kina so, akwai fom ɗin da banki zai cike ɓangarensa kuma shi ke jan lokaci, ki bi su da waya. Wane gari kike? In Sikotilan ne akwai wani tsarin nasu na daban, ki yi min magana ta gefe in turo miki yadda na tsara takardar lissafina. Allah ya ba maigida wani aikin da ya fi wancan.