Tambaya da Amsa: Karamin Layin Dogo a Cikin Daki

Wannan karon duk sakonnin da na zaba akan kananan jiragen kasa ne masu tafiya da lantarki, irin wadanda ake shimfidawa layi da tasha da gada a cikin daki.

Tambaya daga wani mai karatu a Kano: Salam Malam. Na ga bidiyon wani waje a Jamus da aka gina gari guda da kananan jiragen kasa, abin ya shiga raina sosai. Dakina mita 3 ne a mita 3, kafinta yace in sayi filawud guda daya cikakke ya min tebur. In saya? Kuma wane girman jirgi zan nema?

Amsa: Wa alaikumus salam dan uwa. Wajen da ka gani ina kyautata zaton Miniatur Wunderland ne a Hamburg, tagwaye ne Frederik da Gerrit Braun suka bude shi a 2001, layin da ke ciki ya haura kilomita 16, toh kaga wannan ba aikin mutum daya bane a daki daya.

Kar ka sayi filawud din tukuna. Cikakken filawud kafa 4 ne a kafa 8, wato kusan santimita 122 a 244, kuma hannun mutum baya kai wa abu in ya wuce santimita 60 zuwa 75, saboda haka in ka jingina shi da bango duk ranar da tarago ya sauka daga layi ta can baya sai ka hau tebur ka murkushe tasharka kafin ka dauko shi, in kuma ka ajiye shi a tsakiya dole ka bar hanyar wucewa hagu da dama, dakin naka ya kare kenan ko tabarmar sallah ba inda zaka shimfida. Kuma me zaka samu a kai? Zagaye guda, jirgi na bin bayan kansa, sati biyu ka gaji da kallo.

Ni abinda nake ba mutane shawara shine kanta a jikin bango, fadin santimita 40 zuwa 45, ta bi bango biyu. Tsawon layin da zaka samu kusan daya ne da na teburin nan, wajen mita 6, amma dakinka na nan a bude, komai hannunka na kai wa, kuma jirgin ya tashi daga wani waje ne ya nufi wani waje kaman na gaske. Ka daga ta ta kai kirjinka in kana tsaye, kallon jirgi daga gefe yafi kyau nesa ba kusa ba akan kallonsa daga sama, sannan yara kanana bazasu kai hannu ba.

Maganar girma kuwa biyu ne suka fi samuwa. Akwai HO, an rage komai sau 87, tsakanin karafan layinsa milimita 16.5, mutum a cikinsa bai wuce santimita 2 ba. Akwai N, an rage sau 160, layinsa milimita 9. Kwanar HO mafi matsi da aka saba amfani da ita inci 18 ce daga tsakiya, kenan kafin jirgi ya juyo sai ya ci fili kusan mita guda, N kuwa santimita 65 zuwa 70 ta ishe shi. In idonka garau ne kuma kana son dogon jirgi dauki N. In kai mai son gina abu ne da hannu, shaguna da rumfuna da mutane, HO yafi dadin rikewa.

Kafin ka kashe ko sisi nemo takardun siminti ko kwalaye ka shimfida a kasa daidai girman kantar, ka zana layin da girmansa na gaskiya, ka yanka kwali tsawon tarago ka rinka turawa da hannu kana gani ko siding dinka, wato layin gefe na ajiye taragu, zai dauki taragu hudun da kake tunani. A karamar takarda komai shiga yake, sai an zo shimfidawa ake gane macanjin layi guda daya na HO, wato inda layi ke rabuwa biyu, yana cin santimita 20 ko fi. In kana da kwamfuta akwai manhajojin zana layi, akwai XTrackCAD kyauta ne, akwai SCARM da AnyRail, su bazasu barka ka zana kwanar da babu ita ba.

Tambaya daga Zariya: Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne, inaso in gina tashar Zariya irin ta da, yadda yake bamu labari. Wane layi ya dace?

Amsa: Allah ya sakawa Baba da alheri, wannan tambayar ta min dadi kwarai. Ka lura da abu daya, tsohon layinmu wanda ya iso Kano a 1911 fadinsa milimita 1,067 ne, shi kuwa na Abuja zuwa Kaduna da aka bude a 2016 milimita 1,435 ne, kuma layin HO da ake sayarwa wannan mai fadin yake kwaikwaya. In kana son daidai wa daida, raba 1,067 gida 87 zaka samu 12 da dan doriya, kenan jirgin HO akan layi mai milimita 12. Mutanen New Zealand da layinsu irin namu ne wasunsu ragewa suke sau 64 su dora akan layin milimita 16.5, lissafin ya kusa fita cif. Japan ma layinsu na asali 1,067 ne, su kamfanoninsu irin Kato da Tomix suna rage jirgin sau 150 akan layin milimita 9, ya dan yi fadi amma ido baya kamawa. Ga mai farawa ni bazan sa ka wahalar neman layin milimita 12 ba, yayi wuyar samu ga tsada, fara da na gama gari.

Tashar gaba daya kam bazata shiga daki ba, kilomita daya a HO mita 11 da rabi ne. Zabar abu uku ko hudu zakayi wadanda duk dan Zariya in ya gani zai gane, ginin tashar, dandamali, tankin ruwa, shagon ajiyar kaya da dilolin auduga a gabansa, sauran ka zana su a allon baya. Zariya mararraba ce, ga layin Kano ga wanda ya nufi Funtua da Gusau har Kauran Namoda, sai ka sa layukan nan biyu su bace bayan wani gini ko bishiyoyi su shiga wasu boyayyun layuka inda kake ajiye jirage, mai kallo zai dauka da gaske daya daga Kano ya taho daya daga Gusau. Kuma ka zauna da Baba da biro da takarda ya zana maka yadda layukan suke da yadda suke jera taragu, wanne ake fara cirewa wanne ake bari, wannan bazaka same shi a intanet ba.

Tambaya daga Kaduna: Na yi gada yadda layi zai haye kan wani, amma jirgin in yazo hawa sai tayoyin su rinka juyawa a waje daya.

Amsa: Hawan yayi tsini ne. Santimita 2 a kowace mita shine lafiya, 3 a lallaba, in ya wuce 4 sai kan jirgi da tarago biyu. A HO kafin wani layi ya haye wani kana bukatar tazarar wajen santimita 8, kenan mita 4 na hawa mita 4 na sauka, in a kan kwana ne ma nauyin karuwa yake. In baka da wannan filin sauke layin kasan rabi ka daga na saman rabi, ko ka hakura da hawan kayi gadar akan rafi, layin a mike kasa ce ta fada.

Tambaya daga wata Hajiya a Sakkwato: Yarona shekara 12 ya dame ni da wannan abu, dakin ba fili, ga kura ga zafi ga rashin wuta. Anya zai yiwu?

Amsa: Zai yiwu Hajiya, Allah ya raya mana shi. Katako daya mai tsawon mita daya da rabi da fadin santimita 30 ya isa. Akwai wani tsari da wani Bature dan Ingila Alan Wright ya shahara da shi, Inglenook ake ce masa, layuka uku ne gajeru, daya na daukar tarago 5 biyun kuma 3 kowanne, taragu 8 ne duka sai a zabi 5 da kuri'a ace yaro ya jera su bi da bi, kuma layin da kan jirgin ke ja da baya tarago 3 kadai yake dauka. Hanyoyin jerawar sun kai 6,720, wallahi manya ma zama suke su kasa tashi.

Kura ita ce babbar matsala dan ta karafan layin wutar ke bi ta shiga tayoyi, in hunturu ya shigo kura kadan ta kwanta sai jirgi ya rinka tsayawa yana fizga. Kafinta ya yi masa murfi, a rufe in an gama, a goge layin da kyalle mai dan sifirit, banda sanfefa dan tana karce karfen datti ya kara makalewa. Karfe na mikewa da zafi, sai a bar yar tazara kaurin katin waya a wasu mahadan, kar a ajiye inda rana ke bugawa ta taga, katakon kuma a shafe shi da fenti ciki da waje saboda damina da gara. Wutar kananan jiragen nan yawanci bolt 12 zuwa 16 ce, karamin inbata ko batirin sola zai rike su, amma in kayan daga Amurka ko Japan aka aiko a duba transfomar da kyau kafin a jona, tasu ta 100 zuwa 120 ce tamu kuwa 230.