Tambaya da Amsa: Da wane kaya za mu fara birij a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu takwas ne a gida, har da yara uku, muna koyon kartar birij, irin wadda ake buga rabo ɗaya a teburi biyu a ga wanda ya fi iya sarrafa shi. Kayan wasan sun yi min yawa, na rasa da wanne zan fara. Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kun yi sa'a da kuka cika takwas, teburi biyu ke nan cif.

Ki fara da allunan rabo. Kowane allo yana da aljihu huɗu, na Arewa, Gabas, Kudu da Yamma, kowanne yana cin kati 13, kuma an rubuta a jikinsa wanda zai fara kira, wato tayin yawan cin da ɓangarensa zai yi. Tsarin allunan yana komawa farko bayan allo 16, saboda haka 16 sun ishe ku. Abin da ake yawan mantawa shi ne kowane allo da nasa fakitin karta, wato fakiti 16 ke nan.

A nan ni na taɓa shan kunya. Na sayo karta mai kyau, na tara 'yan'uwa, sai ta ƙi shiga aljihun allo, ashe ta wani wasan karta ce da ake kira foka, mai faɗin milimita 63. Ta birij milimita 57 ce, ta kuma fi daɗin riƙewa a hannun yaro. In da hali ki ɗauki ta roba, ta fi jure gumi.

Akwatin kira kuwa, wato akwatin katunan da ake nuna kira da su maimakon a faɗa da baki, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin a 1962, yana da kira 35, ban da katunan wucewa da na ninkawa. Kowa da nasa, takwas ke nan. Ba na gaggawa ba ne, amma ina son sa: kiran yana nan a shimfiɗe yaro yana gani, kuma maigida ba zai yi miki ishara da murya ba, ko da yake ido ba a hana shi.

Sai ki koya wa yaran tun daren farko cewa ba a jefa kati tsakiyar teburi. Kowa ya kife nasa a gabansa, a tsaye in ɓangarensa ya ci, a kwance in an cinye su. In suka cakuɗe, teburi na biyu ba shi da abin bugawa.