Tambaya da Amsa: Ɗana ya nace sai hokin ƙanƙara

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a Kalgari ta ƙasar Kanada. Ɗana shekararsa 7, ya ishe ni da maganar hokin ƙanƙara wai shi ma so yake ya zama ƙwararren ɗan wasa. Dan Allah ya hanyar take, kuma namu na kaiwa kuwa?

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Namu na kaiwa mana, ai a garin da kike zaune ma ɗan wasan hoki Jarome Iginla ya yi sunansa, kuma mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Amma bari in faɗa miki gaskiya tun yanzu, hanyar doguwa ce kuma iyaye ne ke fara shan wahalarta.

Shekara 7 bai makara ba, duk da wasu tun suna 4 ko 5 ake saka musu takalmin zamiya. Zai fara da ƙungiyar yara ta unguwa, ke kuma ki shirya tashin asuba cikin sanyi da sayen takalmi da kwalkwali da sanda, yaro na girma kayan na matse shi ana sake sayen wasu, shi ya sa nake cewa ki nemi gwanjo babu kunya a ciki. In ya yi fice, wajen shekara 16 sai ya shiga lig ɗin matasa, a yankinku WHL ake ce masa, kuma a nan ne zuciyar uwa ke karyewa dan sau da yawa yaro barin gida yake ya koma wani gari hannun wasu iyali. Akwai kuma hanyar jami'a a Amurka, ana wasa ana karatu, ni dai ita ta fi kwanta min.

A shekara 18 ake zaɓen 'yan wasa na NHL, wato babban lig ɗin ƙwararru na Amurka da Kanada, kulob 32 zagaye 7. Toh kar ki ɗauka an zaɓi mutum shikenan ya haye, da yawa a ƙaramin lig na AHL suke ƙare rayuwar wasansu.

Dubi Iginla. Ya buga wa Kamloops Blazers ta WHL suka ci kofin Memorial, na zakarun matasan Kanada, a 1994 da 1995, Dallas Stars ta ɗauke shi na 11 a zaɓen NHL na 1995, tun bai buga musu ko wasa ɗaya ba suka yi musayarsa zuwa Calgary Flames ta garinku. Ya zama kyaftin a 2003, ya ci ƙwallo 625 a NHL, ga zinaren Olamfik a 2002 da 2010, amma duk da haka kofin Stanley, na zakarun NHL, bai taɓa shiga hannunsa ba, a 2004 sun je har wasa na 7 na ƙarshe Tampa Bay ta doke su.

Sai kuma Rumun Ndur, haifaffen Zariya a 1975 da ya tashi a Ontariyo, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL. Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994, ya je New York Rangers da Atlanta Thrashers, amma wasanninsa a NHL ba su kai 100 ba, sauran shekarun a ƙananan lig da Turai ya yi su. Wallahi shi ma ya yi ƙoƙari sosai, kuma irin tasa hanyar ta fi yawa.

Dan haka ki yi masa rajista a bana, ki bar shi ya ji daɗin abinsa, ki sa ido kan buguwar kai dan wasan akwai karo, in ya ce kansa na juyawa a kai shi ga likita kafin ya koma fili. Boko da islamiyya kuma kar a taɓa su.